Abincin Sulhu

Da a ce likitoci sun tsaga cikin Auta tun daga ƙirji har mara, da wataƙila aurensa bai shiga halin da ya shiga ba. Mutane suna girmama babban ɗinki. Shi kuwa aikin zamani aka yi masa: aka huda cikinsa a 'yan wurare, aka zura kyamara da wasu siraran ƙarafa, aka yanke ɓangaren hanjin da ciwon daji ya kama, can ƙasa daf da dubura, aka haɗe abin da ya rage. Da ya warke, abin da ya saura a fatarsa bai wuce 'yan tabo ba, kowanne bai kai tsawon farce ba. Duk wanda ya zo dubiya, sai Yaya, babban wansa, ya kama rigarsa ya ɗaga, ko izini bai nema ba.

"Ku duba don Allah! Wai nan aka yi aikin. Ni da na faɗo daga babur bara na fi shi tabo."

Sai a yi dariya, a yi hamdala, a watse. Auta ma yakan yi dariyar, don da farko shi ma ya ɗauka magana ta ƙare.

Ashe a nan ta fara. Cikinsa ya daina shawara da shi. Da zarar abinci ya sauka, kafin ya wanke hannu bayan gida ya taso, kuma ba irin wanda ake ce wa dakata ba. In ya shiga ya fito, kafin ya zauna ya koma, ya sake komawa, har ƙafafunsa su yi sanyi. Ya daina bambance iska da abin da ba iska ba. Fitsari kuma sai ya tsaya yana lallashinsa kafin ya zo, bayan ya ɗaure wando ragowar ta biyo. Na ukun shi ne wanda ko a zuciyarsa ba ya son kiran sunansa: jikinsa ya daina amsa wa matarsa. Ba ciwo yake ji ba, ba gajiya ba. Shiru kawai, kamar gidan da aka yanke wa wuta.

A yi wa likita adalci, ya faɗa tun kafin aikin. Ya ce akwai jijiyoyi sirara kamar zare da suka ratsa ta wurin, su ke riƙe da fitsari da harkar iyali, kuma ko an kiyaye su sukan ji jiki. A wasu mazan abin yakan dawo a hankali, a wasu ba ya dawowa. Amma mutumin da aka ce yana da ciwon daji magana ɗaya yake nema. Da Auta ya ji "za ka rayu" sai sauran ya bi iska.

Komawa asibiti kuwa, Yaya ba ya bari ya tafi shi kaɗai. Irin yayyen nan ne da suke son ka har su hana ka numfashi. Shi zai fara shiga ɗakin likita, ya zauna a kujerar marar lafiya, Auta ya ja ta gefe.

"Bayan gida fa, ana samun sauƙi?" in ji likita.

"Lafiya lau," in ji Yaya.

"Fitsari?"

"Sumul."

"Ta ɓangaren iyali fa?" Likita ya ɗago yana kallon Auta, ba wansa ba.

Yaya ya bushe da dariya, ya daki cinyar ƙaninsa. "Haba likita, direban babban bas ne fa. Tambayi wani abin."

Me mutum zai ce a gaban wanda ya goya shi? Auta ya kalli takalminsa ya ce, "Mun gode Allah." Likita ya ce in akwai wani abu ya dawo shi kaɗai, ƙofa a buɗe take. Auta ya ce to, irin to ɗin da mai faɗa da mai ji duk sun san babu komai a cikinta.

Ya koma bakin aiki, bas ɗin cikin gari, daga tashar kamfani zuwa ƙarshen layi a dawo, tun safe har yamma. Direban bas ba shi da ikon taka birki a tsakiyar cunkoso ya ce wa mota cike da mutane su jira shi. Don haka ya kafa wa kansa doka: in babu abin da ya shiga, babu abin da zai fita. Ba ya karyawa, ba ya cin na rana. Ruwa sai dai ya jiƙa maƙogwaro. Da yamma in ya ajiye mota, ya sayi busasshen burodi ya ci a bayan tasha, kusa da banɗakin ma'aikata, ya zauna a nan har cikin ya gama rikicinsa, sannan ya kama hanyar gida. Ya san kowane gidan mai da ke kan layinsa, wanda banɗakinsa yake buɗe da wanda sai an nemi makulli. Ƙunzugun manya kuma a wani kantin magani mai nisa yake saye, yana ce wa mai kantin na tsohonsa ne. Tsohon nasa ya daɗe a ƙasa. Da rigar aiki ta fara yi masa yawa, sauran direbobi suka samu abin tsokana, wai ko matarsa ta shiga yajin aikin girki ne.

Matar tasa malamar makarantar yara ce, shi ya sa tun yana neman aurenta yake ce mata Malama, sunan kuma ya bi ta har cikin danginsa. Aurensu bai daɗe ba ciwon ya zo, ba su kai ga haihuwa ba. Ita ta kwana a bencin asibiti, ita ta yi jinyar daga farko har ƙarshe. Mace ce mai son a ci abincinta. In ta zuba maka, sai ta tsaya a kanka ta ga lomar farko ta shiga. Kullum da safe tana cika masa kula, ta ɗaure a leda, ta rataya masa a hannu. Kullum da yamma kular tana dawowa a wanke tas.

Sauran abubuwan ne ta kasa gane kansu. Ya kwashe shimfiɗarsa ya koma ƙaramin ɗaki, wai jikinsa yana son hutu, har da sa sakata. Ya hana ta taɓa wankinsa, shi da a da ko safarsa bai san inda take ba. Abincin dare ya ce ya ƙoshi a waje. In ta zo wucewa ta dafa kafaɗarsa, sai ya zame kamar hannunta da ƙaya. Shi a ganinsa kare ta yake yi. Ba ya son matar da ta san shi da ƙamshin turare ta farka ta tarar da zanin gado ya ɓaci. Ba ya son ta matso kusa ya rasa abin da zai ce mata. Yana ta ce wa kansa bari abin ya gyaru tukuna, in ya gyaru sai ya ba ta labari suna dariya. Wauta ce, amma irin wadda ake yi da zuciya ɗaya, kuma kowace safiya tana ƙara wuyar warwarewa.

Ita kuwa ta bi kanta da bincike. Ta canza turare, ta canza kitso, ta rage gishiri, ta ƙara. Abin da ya riƙe ta shi ne kular nan da ke dawowa wayam. Tana ce wa kanta tunda yana cin abin da ta dafa, bai gama da ita ba.

Sai ranar da ya manta wayarsa a gida, ta biya tasha ta kai masa bayan an tashi makaranta. Bas ɗinsa yana kan hanya. Maigadin tashar, wani dattijo mai surutu, da ya ji ko wace ce sai ya miƙe tsaye yana washe baki.

"Ashe ke ce! Allah ya yi miki albarka, 'yata. Wallahi tun da maigidanki ya dawo aiki ban sayi abincin rana ba. Miyar nan taki ta jiya, har sai da na rage wa tsohuwata."

Ta ba shi wayar ya ajiye, ta amsa addu'arsa, ta fita. Da yamma Auta ya tarar da ita zaune a falo, ko kayan makaranta ba ta cire ba.

"Me na yi maka?"

"Ba ki yi mini komai ba."

"Akwai wata ne?"

"Wallahi babu."

"To ƙyamata kake yi?"

Tambayar ta soke shi, don shi ne yake ganin kansa abin ƙyama, ga shi ita ce take tambaya. Ya yi niyyar faɗa mata gaskiya. Da ya buɗe baki sai ya ji kansa yana cewa, "Gajiya ce kawai, Malama." Washegari ta kira Baffa.

Baffa ƙanin mahaifinta ne, shi ya riƙe ta tun tana ƙaramar marainiya, shi ya ba da aurenta. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, wanda ko 'ya'yansa masu gemu ba sa motsi in yana magana. Aka sa ranar hutu. Ya zo, Yaya ma ya zo, suka zauna a falo.

Falon ƙarami ne, a hawan sama, kuma wanda ya gina gidan, Allah ya yafe masa, ya sa ƙofar banɗaki a cikinsa, ƙofar falanki mai giɓi a ƙasa, wadda ko tari ka yi a ciki sai an ji. Kujerar da ta fi kyau tana jikin ƙofar, a nan aka zaunar da Baffa. Auta ya shirya wa ranar iya shirinsa: ko burodin jiya da yamma bai ci ba. Saboda haka bai sa ƙunzugu ba, don farin wandon da Malama ta goge masa ba ya rufa asiri. Ya kuma yanke wa kansa cewa in baƙi sun tafi zai zaunar da ita ya faɗa mata komai, ko me zai faru.

Baffa ya saurari Malama har ta gama, tana magana tana murza bakin mayafi. Sannan ya juya ga Auta.

"Ta yi maka laifi?"

"A'a, Baffa."

"Kana son aurenka?"

"Ina so, Baffa." Wannan kam da dukan zuciyarsa ya faɗa.

"To ni ba na son dogon tono tsakanin miji da mata. 'Yata, akwai abinci?" Ta ce akwai. "Zubo. Zai ci abincin matarsa a gabana, sannan mu yi magana."

Yaya ya tafa hannu. "Shi ke nan! Dattijo ya gama shari'a."

Ta kawo shinkafa da miya, ga mai yana ƙyalli, ga yaji daidai yadda ta san yana so a da. Auta ya zuba wa farantin ido. Ya san abin da cikin da ya kwana wayam yake yi da irin wannan. Ya ɗago zai ce a bari sai an jima, sai ya gan ta tsaye a kansa, hannu a ƙirji, tana jiran lomar farko. In ya ƙi yanzu, a gaban Baffa, ya sake ta ke nan ba tare da ya furta ba. Ya sa cokali.

Abin haushin kuma, abincin ya yi daɗi. Wata da watanni rabonsa da abinci mai zafi. Ya ci, ya ƙara, idanunsa suka ciko, Yaya yana cewa yaji ne. Fuskar Malama ta saki a hankali, har ta kau da kai tana murmushi. Rabon da ya ga wannan murmushin tun kafin asibiti. Ya ce a ransa ko me zai biyo baya, wannan ya biya shi. Ya roƙi Allah ya sa Baffa ya taƙaita.

Baffa bai taƙaita ba. Da ya gama cin nasa ya wanke hannu, ya goge, ya gyara zama, ya ɗauko zance daga tushe: yadda aka kawo masa ita da 'yar jakar makaranta, yadda take ƙin barci sai a kan ƙafarsa. Auta ya ji murɗawar farko. Ya matse, ya dasa ƙafafunsa a ƙasa. Gumi ya keto masa. Ta ɗan lafa, ta dawo da ƙarfi. Ya kalli ƙofar banɗaki, ya kalli ƙeyar Baffa da ke jingine da ita. In nan zai shiga, sai an tayar da tsohon daga kujera, sannan su zauna su uku su saurari komai, su shaƙi komai, kuma ba sau ɗaya ba.

"Ranar da ɗan'uwana zai cika," in ji Baffa, muryarsa ta fara rawa, "ya kama hannuna, ya ce mini..."

Auta ya miƙe. Bai ce uffan ba, don in ya buɗe baki riƙon zai kuɓuce. Ya tsallake ƙafar tsohon, ya buɗe ƙofar fita, ya sauka matakala yana dafa bango. Ya ji Yaya yana ƙwala masa kira da sunansa na yanka. Bai waiwaya ba.

Akwai gidan mai a ƙarshen layinsu. Saura kaɗan ya kai abin ya ƙwace. A banɗakin wurin ya wanke farin wandon a famfo, yana wanki yana kuka irin na babban mutum, marar sauti, cikin kuma yana ta mayar da shi. Sannan ya sa wandon a jiƙe, ya zauna a bayan ginin cikin rana, tsakanin tsofaffin tayoyi, yana jira ya bushe, don ba zai ratsa unguwa a haka ba. Wayarsa tana can kan tebur kusa da farantin.

Da ya koma rana ta yi sanyi. Yaya kaɗai ya tarar, yana kai da kawo a falo.

"Ka kashe ni, Auta. Ka tsinka ni a gaban surukai. Mutum yana kukan ɗan'uwansa, ka tsallake ƙafarsa ka fice? Tsohon nan bai ƙara ko kalma ba, sai cewa ya yi ta ɗauko kayanta. Ita ma ba ta yi musu ba. Gidan uban wa ka je?"

"Cikina ne ya..."

"Cikinka! Ga banɗaki a bayan kujera! Likita da bakinsa ya ce ka warke, ina zaune a wurin."

Ya ɗauki hularsa ya fita yana faɗa har ƙasan bene.

Kwana biyu Auta yana kiran wayarta, a kashe. Da ya ga haka ya nemi izini a wurin aiki, ya ɗaure cikinsa da yunwa, ya tafi gidan Baffa. Ya tarar da tsohon a kan benci a ƙofar gida, ƙarƙashin taga, yana sauraron rediyo. Ya yi sallama. Baffa ya amsa don sallama ce, amma bai nuna masa wurin zama ba. Auta ya durƙusa a ƙasa.

"Wanda ya tashi ina magana, me ya dawo ji?"

Dabara ta ƙare masa. Wajen Malama ya zo, amma hanyar zuwa wajenta ta kan tsohon nan ta bi, kuma tsohon ba zai matsa da ƙarya ba. Sai ya faɗa. Ya faɗi na bayan gida, da ƙunzugun, da kular da maigadi, da wandon. Baffa ya kashe rediyo. Da Auta ya zo kan na ƙarshen muryarsa ta shige ciki, sai da tsohon ya sunkuyo ya ce ya maimaita. Ya maimaita.

Baffa ya ɗago ya dube shi. Fushin ya sauka daga fuskarsa, tausayi ya maye gurbinsa, kuma Auta ya ji tausayin ya fi fushin ba shi tsoro.

"Tashi, ɗana, zauna nan. Na zalunce ka ban sani ba. Allah ya ba ka lafiya." Ya dafa gwiwarsa. "Shi wannan na ƙarshen, likita ya ce zai dawo?"

"Ya ce wasu yakan dawo. Wasu kuma..."

"Wasu ba ya dawowa." Baffa ya jinjina kai, ya mayar da idonsa kan titi. "Yarinyar nan ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Amana ce a hannuna. Wannan ya fi ƙarfina ni kaɗai, sai na tara 'yan'uwa. Kafin nan ta zauna a nan."

"Baffa, a bari ni da ita mu..."

"Ka yi haƙuri, ɗana. Da ban ji ba, da wani abu ne. Yanzu na ji."

Labulen tagar ya motsa. Can sai ga Malama a bakin ƙofa, idanunta sun kumbura. Baffa ya miƙe ya matsa gefe don ya ba su wuri, yana laluben waya a aljihu.

Ta tsaya ɗan nesa da shi. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ni na riƙe maka kwanon amai," ta ce. "Ni na goge maka jiki a asibiti. Wanki ne zai kore ni?"

"Kunya na ji, Malama."

"Kunyata. Ta Baffa ba ka ji ba." Ta share ido da bayan hannu. "Wata nawa ina tsayawa gaban madubi ina neman abin da ya lalace a jikina. Da a ɗakinmu ka faɗa mini, da namu ne, ni da kai, mu rufe ƙofa mu san yadda za mu yi. Wallahi ko uwata ce ta dawo duniya da ba za ta ji a bakina ba. Yanzu ka kawo shi ƙofar gida."

"Ki ce musu za ki zauna da ni."

"Zan ce." Ta kalli inda Baffa yake. "Gwaggo za ta ce ƙuruciya ce ke ɗibata. Kawu zai ce tausayi ne, zai wuce. Ka taɓa ganin an tara su a kaina an tashi da abin da na ce?"

Bai taɓa gani ba. A gefe Baffa ya samu layi. Kamar yawancin tsofaffi, bai yarda waya tana kai magana ba sai an ɗaga murya, har mai shagon da ke tsallaken titi ya ɗago kai.

"Gwaggon yara? Kina ji na? Nemi wuri ki zauna. Wata magana ce ta taso a kan mijin 'yarki."